Janheinz Jahn: Bajamushen da ya tattara adabin Afirka, ina ya ajiye Hausa?

Dan_Galadanci:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu nazarin adabi ce. A littattafan tarihin adabin Afirka na shekarun 1960 da 1970 akwai sunan wani Bajamushe da ke yawan fitowa, Janheinz Jahn. Wasu na cewa shi ya buɗe wa adabin Afirka ƙofa a Jamus, wasu kuma na cewa rikita tunanin mutane ya yi da littafinsa Muntu. Wane ne shi takamaimai? Kuma aikinsa yana da abin da zai tsinana wa mai nazarin adabin Hausa a yau, ko a bar shi ya ci gaba da shan ƙura a kan kanta?

Malam_Tukur:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da tarihinsa, sauran 'yan'uwa su ɗora. An haife shi a Frankfurt ranar 23 ga Yuli 1918, ya mutu ranar 20 ga Oktoba 1973 a gidansa da ke Messel, wani ƙaramin gari kusa da Darmstadt. Shekara 55 ke nan. Ya karanci wasan kwaikwayo da Larabci a Munich, sannan ya tafi Perugia ta Italiya ya yi nazarin tarihin fasahar zane. Yaƙin duniya na biyu ya katse masa karatu, aka ɗauke shi soja, daga baya ya zama fursunan yaƙi a hannun Ingilishi inda ya yi musu tafinta. Bayan yaƙi bai kama kujerar farfesa a wata jami'a ba. Da alƙalaminsa ya ci abinci: fassara, laccoci, rubuce-rubuce.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ta ƙofar Larabci ya shigo. Littafinsa na 1949, Diwan aus Al-Andalus, waƙoƙin mawaƙan Andalus ne ya mayar Jamusanci. Sai a 1951 ya haɗu da Léopold Sédar Senghor, mawaƙi ɗan Senegal, a Frankfurt, daga nan ya karkata gaba ɗaya ga adabin baƙar fata. Ku riƙe wannan batu na Larabci, zai yi amfani idan an zo maganar Hausa.

Hajiya_Mairo_Adabi:
Malam Tukur ya kyauta. In ƙara da jerin manyan ayyukansa don mai tambaya ya san wanne ne wanne, domin ana yawan cakuɗa su. A 1954 ya fitar da Schwarzer Orpheus, wato Black Orpheus da Ingilishi, tarin waƙoƙin mawaƙan Afirka da na Amurka da tsibiran Karebiyan da ya fassara zuwa Jamusanci. A 1957 ya fitar da Rumba Macumba, waƙoƙin baƙaƙen fatar Kyuba. Muntu ya fito a 1958, fassarar Ingilishi ta biyo baya a 1961. A 1960 akwai labarin tafiyarsa a Afirka ta Yamma, Durch afrikanische Türen. Sai kundin sunayen littattafai na 1965, da tarihin adabin da ya kira sabon adabin Afirka a 1966. A 1971 shi da Claus Peter Dressler suka fitar da wani kundin sunayen littattafai, a 1972 kuma shi da Ulla Schild da Almut Nordmann suka fitar da littafin tarihin rayuwar marubutan Afirka. Ya riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar marubuta ta PEN reshen Jamus daga 1966 zuwa 1968, ya kuma karɓi lambar yabon fassara ta Johann Heinrich Voss a 1970.

Bashir_Zango:
Ai shi ne ya kafa mujallar Black Orpheus a Ibadan, ko ba haka ba?

Malam_Tukur:
Ba haka ba ne daidai, ɗan'uwa. Ulli Beier ne ya kafa mujallar a 1957, shi ma haifaffen Jamus ne, amma yana zaune a Nijeriya tun 1950 yana koyarwa a sashen karatun manya na kwalejin jami'a ta Ibadan. Jahn abokin aikinsa ne a tace fitowar farko-farko, yana can Jamus yana aiko da kaya, daga baya Wole Soyinka da Ezekiel Mphahlele suka shigo aikin. Ma'aikatar ilimi ta Jihar Yamma ce ta fara ɗaukar nauyin bugawa. Abin da ya zaburar da Beier shi ne babban taron marubuta baƙaƙen fata da mujallar Présence Africaine ta shirya a Paris a Satumban 1956. Sunan kuwa, da na mujallar da na littafin Jahn na 1954, duk tushensu ɗaya: gabatarwa mai wannan take da masanin falsafar Faransa Jean-Paul Sartre ya rubuta wa tarin waƙoƙin da Senghor ya fitar a 1948. Don haka abu uku ne daban, maƙalar Sartre da littafin Jahn da mujallar Ibadan.

Bashir_Zango:
Na gode da gyara, Malam.

Nazari_Sakkwato:
Ni dai a bar jera shekaru a shiga Muntu, don nan rigimar take. Ga yadda aka gina littafin. Jahn bai je ya zauna shekaru a wata al'umma ya yi bincike da kansa ba, littattafan wasu ya haɗa. Ginshiƙansa su ne: littafin Placide Tempels, ɗan mishan na Beljiyam, kan falsafar Bantu na 1945, wanda ya samo daga mutanen Luba na Kwango, littafin Alexis Kagame, limamin Katolika ɗan Ruwanda, na 1956, hirarrakin Marcel Griaule da dattijo Ogotemmêli na ƙabilar Dogon a ƙasar Mali ta yau, na 1948, sai aikin Maya Deren kan addinin gargajiyar Haiti na 1953.

Daga Kagame ya ɗauko rukunai huɗu. Muntu, wato mai hankali, ya haɗa da rayayyu da matattu da abubuwan bauta. Kintu, wato abu marar hankali, dabba da tsiro da dutse, wanda ba ya motsi da kansa sai da umarnin Muntu. Hantu, wuri da lokaci. Kuntu, yanayi ko siga, kamar kyau da dariya. Duk suna da saiwa ɗaya, ntu, wadda ya fassara da ƙarfin da ke cikin kowane abu. Daga Dogon kuma ya ɗauko Nommo, ya ce shi ne ƙarfin kalma, wanda da shi Muntu ke tayar da Kintu. Sai ya ɗauki wannan mabuɗi ya ce da shi za a buɗe komai: waƙar Senghor, sassaƙan Yarbawa, rawar rumba ta Kyuba, waƙar blues ta Amurka.

Inda abin ya lalace a fili yake. Luba da Ruwanda da Dogon nisansu da juna ba kaɗan ba ne, harsunansu da tarihinsu daban. An yayyanko wani yanki daga kowanne an ɗinke, aka sa wa rigar suna al'adar Afirka. Rigar ta yi kyau a ido, amma ba a gwada ta a jikin kowa ba.

Zainab_Harshe:
Zan ƙarfafa maganar Nazari_Sakkwato ta fuskar nahawu, don hujjar Kagame hujjar harshe ce. A Kinyaruwanda ana cewa umuntu, ikintu, ahantu, ukuntu. Abin da ke sauyawa shi ne ɗafa-goshi, saiwar tana nan. Harsunan Bantu suna raba sunaye aji-aji ta hanyar ɗafa-goshi, kowane aji da nasa, kuma aikatau da sifa suna bin ajin. Kagame ya karanci falsafar Aristotle, sai ya ɗora rukunai goma da Aristotle ya raba abubuwa a cikinsu a kan waɗannan azuzuwa ya rage su zuwa huɗu. Aiki ne na basira, amma a kan harshe ɗaya ya yi shi, kuma shi kansa ya sa sunan Ruwanda a kan littafin.

To Hausa fa? Hausa ba ta da ajin suna ko ɗaya. 'Yar gidan Cadi ce, cikin babban dangin da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da Amharik da harsunan Buzaye. Jinsi take da shi, namiji da mace a tilo, a jam'i kuma su haɗe. Idan azuzuwan suna su ne shaidar yadda mutanen Afirka ke kallon duniya, to Bahaushe da Babarbare da mai jin Zabarmanci duk sun fita daga lissafi. Fulatanci yana da azuzuwan suna masu yawa, amma a ƙeyar kalma suke, kuma rabonsu bai yi daidai da huɗun nan ba.

Sani_Maradi:
Malama Zainab, amma kalmar mutum ba ta yi kama da muntu ba? Wasu na kafa hujja da wannan.

Zainab_Harshe:
Kamar kunne ce kawai, Malam Sani. Yadda ake gwadawa shi ne a raba kalma gida-gida a ga me ke tsayawa, me ke sauyawa. A muntu, mu ɗin ɗafa-goshi ne, shi ya sa a jam'i yake faɗuwa a ce bantu. A Hausa kuwa mutum jam'insa mutane, mace mutuniya, ga mutunci, ga mutuntaka. Mut ɗin ba ya zuwa ko'ina, shi ne jikin kalmar. Abin da yake riga a can shi ne ƙashi a nan. Kalma biyu masu kama da juna ba sa tabbatar da dangantaka sai an sami daidaiton sauti a kalmomi masu yawa bisa ƙa'ida ɗaya.

Alhaji_Kumasi:
Kuna yi wa mutumin nan hukunci da ilimin yau. Ku duba Jamus ta 1954. Shekara tara kacal bayan faɗuwar gwamnatin Nazi da ta mayar da wariyar launin fata doka, ta hana kiɗan jazz daraja, ta yi wa 'ya'yan da sojojin Afirka suka haifa a yankin Rhein aikin hana haihuwa da ƙarfi. A wannan ƙasa wani ya fito da littafi a babbar maɗaba'ar Hanser ya ce ga waƙoƙin baƙar fata, adabi ne cikakke, a karanta shi kamar yadda ake karanta na kowa. Kafin nan abin da Bajamushe ya sani na Afirka tatsuniya ce da karin magana da masu binciken ƙabilu suka tattaro, babu sunan mai shi. Jahn ya sa suna, ya sa ƙasa, ya nuna marubutan suna raye suna da adireshi. Ya riƙa rubuta musu wasiƙu ɗaya bayan ɗaya. Senghor bai manta ba, da ya zama shugaban ƙasa ya naɗa shi ƙaramin jakadan girmamawa na Senegal. Kuma lambar zaman lafiya ta masu sayar da littattafan Jamus da aka ba Senghor a Frankfurt a 1968, da wuya ta samu in da ba a riga an karanta shi da Jamusanci ba.

Nazari_Sakkwato:
Alhaji, babu mai musun wannan. Kyakkyawar niyya daban, ingancin hujja daban. Kuma ba ilimin yau kaɗai ba ne, tun yana raye aka soki wannan tafarki. Mphahlele ya ƙalubalanci aƙidar negritude, wato alfahari da al'adar baƙar fata irin ta su Senghor, a 1962. Soyinka ya yi maganarsa ta cewa damisa ba ta shelar damisancinta, kai farmaki take yi. Abin yabo ga Jahn shi ne shi da kansa ya adana bayanin da Soyinka ya yi kan wannan magana a taron Berlin na 1964, ya sa a littafin tarihinsa, ko da yake maganar tana sukar abokansa. Bayan mutuwarsa kuma Paulin Hountondji na Benin ya rushe harsashin Tempels da Kagame, ya ce wannan ba falsafa ba ce, bayanin al'ada ne da aka sa wa rigar falsafa, domin an jingina wa al'umma sukutum tunani ɗaya wanda babu mai jayayya a cikinsa.

Hajiya_Mairo_Adabi:
Mun yi nisa da tambayar Dan_Galadanci. Ina Hausa a tsarinsa? Ga yadda abin yake a littafin 1966. Ya ƙi raba adabi da launin fatar marubuci ko da harshen da aka yi rubutu. Ya ce salo da tsarin tunani za a duba. Har ya guje wa cewa baƙar Afirka, ya aro tsohon suna Agisymba daga Ptolemy, masanin labarin ƙasa na zamanin da, don yankin kudu da Sahara. Daga nan ya ce inda gadon wannan yanki ya haɗu da adabin Turai sai a sami sabon adabin Afirka, inda ya haɗu da Larabci da Musulunci kuma sai a sami adabin Afirka da Larabawa. Rubutacciyar waƙar Hausa da ta Suwahili a wannan gida na biyu suka faɗa. Wato bai jahilci samuwarsu ba, amma ya ajiye su a gefen babbar hanyar da littafin ya bi, wadda ta nufi Senghor da Aimé Césaire, mawaƙin tsibirin Martinique, da marubutan Ingilishi.

Ku gwada tsarin da gasar rubuta littattafan hikaya ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya ku ga yadda yake tsagewa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da boko aka rubuta shi, Bature ne ya nemi a yi shi, maɗaba'a ce ta buga. Ta wannan fuska ya shiga gidan farko. Amma ƙashin bayansa salon maƙama ne, wato labaran Larabci irin na Hariri, ga kuma dabarun tatsuniya. Gida uku ke nan a littafi ɗaya. Magana Jari Ce ya fi haka, don akwai labaran da aka samo daga Dare Dubu da Ɗaya, akwai na 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, aka narkar da su cikin fadar sarkin Hausa. Gandoki na Bello Kagara yana da kirari da yaƙi da aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa labarin bauta ne da malanta da ratsa Sahara. A wane da'ira za ka sa su?

Malam_Tukur:
Nan ne batun Larabcin da na ce a riƙe yake da zafi. Mutumin da ya fara da mawaƙan Andalus ya fi yawancin Turawan zamaninsa kayan aikin fahimtar waƙar Nana Asma'u ko ta Aliyu Namangi ko ta Sa'adu Zungur: karin aruli, amsa-amon ciki da na waje, tahamisi, buɗewa da yabon Ubangiji da salati, rufewa da ramzi. Amma ra'ayin da ya ɗauka daga Senghor ya sa yana neman Afirkanci a cikin kiɗa da maimaici da sihirin kalma. Abin da ya zo da ƙa'idar Larabci sai ya zama kamar baƙo. Alhali mawaƙin Hausa da ya ɗauki karin Larabci sai ya lanƙwasa shi ya dace da gaɓa mai nauyi da marar nauyi ta Hausa, kuma waƙar rerawa ake yi, almajirai da makafi su haddace su yi bara da ita. Imfiraji na Aliyu Namangi ya shiga kunnen mutanen da ba su taɓa ganin rubutunsa ba. Wannan haɗuwa ta rubutu da baka ita ce ainihin abin da Jahn ke nema, tana nan a Zariya, bai tsaya a kanta ba. Sai a 1975 Mervyn Hiskett ya fitar da tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, shekara biyu bayan mutuwar Jahn.

Ummi_Damagaram:
A yi adalci, Jamusawan da suka yi wa Hausa aiki wani layi ne daban, kuma sun riga shi da nisa. Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 yana jin Hausa. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin Ingila, ya fitar da ƙamus a 1876 da Magana Hausa a 1885, mafi yawa daga bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai. Adam Mischlich ya fitar da ƙamusunsa a 1906, kuma ya samu rubuce-rubuce masu yawa daga Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna Salaga da Kete Krachi. Rudolf Prietze ya tattara karin magana da waƙoƙi. Waɗannan masana harshe ne, sun ɗauki rubutun a matsayin samfurin harshe. Jahn mutumin adabi ne amma ba ya jin harshen. Da an sami mutum ɗaya mai kunnen Mischlich da idon Jahn, da labarin ya sha bamban.

Alhaji_Kumasi:
Madalla da ambaton Alhaji Umaru. Waƙoƙinsa kan zuwan Nasara da kan talauci sun isa su nuna cewa adabin da ke mayar wa mulkin mallaka martani bai jira Faransanci ko Ingilishi ba. Ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Kabiru_Fassara:
Ni ɓangaren fassara ya fi damuna, don nan ne sana'arsa ta gaskiya. Mai son ya auna aikin Jahn ga abin da zai yi. Ya ɗauki waƙa ɗaya ta Senghor, ya ajiye asalin Faransanci a dama, Jamusancin a hagu. Ya fara da abin da ke ƙarƙashin take, don Senghor yakan rubuta kayan kiɗan da za a rera waƙar da su, kora ko balafon ko ganga. Sannan ya ƙirga inda ake numfasawa a kowane dogon layi. Faransanci yana jan sauti har ƙarshen jimla, Jamusanci kuwa yana da dukan gaɓa mai ƙarfi a kowace kalma, kuma yana son kai aikatau ƙarshe. Mai fassara dole ya zaɓa: ko ya bi ma'ana layin ya yi nauyi, ko ya bi kiɗa ya sake jera kalmomi. Sai kalmomin Serer da Wolof da ke cikin waƙar, ko a bar su yadda suke a yi bayani a ƙarshen littafi, ko a fassara su a rasa ƙamshinsu.

Na Césaire ya fi wuya. Doguwar waƙarsa ta komawa ƙasar haihuwa tana da bugu fiye da ɗaya da suka saɓa wa juna: na mujalla a 1939, biyu a 1947, sai na Présence Africaine a 1956 wanda aka yi wa ragi da ƙari. Duk wanda zai kwatanta fassara da asali dole ya fara tabbatar da wane bugu mai fassarar ya riƙe, in ba haka ba zai zargi mutum da tsallake baitin da babu shi a gabansa. Ga kuma kalmomin likitanci da na tsirrai da waɗanda Césaire ya ƙirƙira da kansa, har kalmar ƙarshe ta waƙar ba a samunta a ƙamus na yau da kullum.

Babban gibin shi ne wannan: abin da Jahn ke iya karantawa kai tsaye na harsunan Turai ne, Faransanci da Ingilishi da Sifaniyanci da makamantansu, in ban da Larabcin da ya karanta. Waƙar da aka yi da harshen Afirka sai ta bi ta hannun wani kafin ta iso gare shi. A irin wannan fassara ta hawa biyu, abin da ke fara mutuwa shi ne karin sauti da wasa da kalma. Ɗauki kirarin Hausa, cire tsawon wasali da hawa da saukar murya, abin da ya rage bayani ne kawai.

Dan_Galadanci:
To in na fahimta, Muntu a karanta shi da taka-tsantsan, fassara kuma sai mai jin Jamusanci. Me ya rage wa ɗalibin Hausa ke nan?

Laburare_Bello:
Abin da ya rage shi ne abin da ba a cika yabonsa a kai ba: kundayen sunayen littattafai da ɗakin karatunsa. Na 1965 ya haɗa Afirka da Amurka da Karebiyan. Na 1971 ya tsaya ga Afirka kawai, kuma bai taƙaita ga harsunan Turai ba, da littattafan harsunan Afirka a ciki. A lokacin da babu kwamfuta, wannan aikin kati ne da wasiƙa da sayen littafi ɗaya-ɗaya. Bayan mutuwarsa Jami'ar Mainz ta karɓi littattafansa, tun 1975 suke can da sunansa, Ulla Schild ta kula da su har ƙarshen rayuwarta, kuma ana ci gaba da ƙarawa, har da littattafai cikin harsunan Afirka masu yawa. Takardunsa da wasiƙunsa kuma suna Jami'ar Humboldt a Berlin.

Ga mai amfani da irin waɗannan kundaye don Hausa, akwai tarko huɗu ko biyar. Na farko sunaye: marubuci ɗaya zai iya fitowa ƙarƙashin Alhaji ko Malam ko sunan garinsu, don tsarin Turai na neman sunan dangi, mu kuwa ba haka muke ba. A nemi mutum ta kowace fuska. Na biyu haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan faɗi a maɗaba'ar waje, take ya sauya. Na uku shekara. Littattafan Zariya an sha sake buga su da sunan hukumomi daban-daban, daga Hukumar Talifi zuwa Gaskiya zuwa NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, zuwa NNPC, kamfanin buga littattafai na Arewa, kuma sau da yawa shekarar da ke jikin littafi ta sabon bugu ce. Sai a gwada da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988 kafin a rubuta shekara a kundin digiri. Na huɗu, abin da aka buga kawai ke shiga. Waƙoƙin ajami da ke yawo a hannun malamai cikin gafaka ba su da lamba a can, don haka kada a auna yawan adabin Hausa da yawan shafukan da ya samu.

Hajiya_Mairo_Adabi:
Na biyar ɗin da Malam Bello bai faɗa ba shi ne sunan aro. Beier kansa ya yi sharhi a Black Orpheus da sunan Sangodare Akanji, ya kuma fitar da wasannin kwaikwayo da sunan Obotunde Ijimere, har aka buga a jerin marubutan Afirka na Heinemann a 1966. Wannan ya shafi ra'ayin Jahn kai tsaye. Idan salo ne ma'auni ba fata ba, to wasan da Bajamushe ya rubuta da salon Yarbawa sabon adabin Afirka ne ko kuwa? A bisa ƙa'idarsa amsar ta fi kusa da e, kuma marubutan Nijeriya da yawa ba za su yarda ba.

Yusuf_Chicago:
Kada a rufe ba a faɗi inda Muntu ya fi yin tasiri ba. Ba Jamus ba ce, ba kuma Afirka ba, Amurka ce. Da fassarar Ingilishi ta fito a 1961, matasan baƙaƙen fata masu fafutukar fasaha suka rungume shi. Marubutan Chicago sun fitar da mujalla mai suna Nommo. Akwai ƙungiyar rawa ta Muntu a Chicago tun 1972, an kuma yi gidan wasan kwaikwayo na Kuntu a Pittsburgh. Paul Carter Harrison ya gina nazarinsa na wasan kwaikwayo a kan Nommo a 1972. Ga mutanen da aka raba da harsunan kakanninsu, Afirka guda ɗaya mai tsari ɗaya ita ce abin da suke buƙata. Abin da Nazari_Sakkwato ya kira aibi, a wurinsu shi ne amfanin littafin.

Nazari_Sakkwato:
Na yarda ya yi musu amfani, Malam Yusuf. Amma amfanin ya zo da farashi. Afirkar da suka karɓa daga littafin babu Timbuktu a tsakiyarta, babu Sakkwato, babu Barno, alhali cikin bayin da aka kai can akwai masu rubutu da Larabci irin su Omar ibn Said. A Bahia ta Brazil ma Hausawa suna cikin waɗanda suka yi tawaye a farkon ƙarni na 19, kuma a tawayen 1835 an sami layu da takardun Larabci a jikin mutane.

Alhaji_Kumasi:
Wannan gaskiya ne, sai dai shekara 22 kacal ya samu tsakanin haɗuwarsa da Senghor da mutuwarsa, kuma mutum ɗaya ne ba cibiya ba. Daga Muntu zuwa kundin 1971 ana ganin yana rage manyan maganganu yana ƙara ƙirga littattafai. Ni a wurina wannan alamar mutum ne da ke gyara kansa.

Sani_Maradi:
Malam Bello, ɗakin karatun na Mainz, jerin littattafansa yana buɗe a intanet ga kowa ne?

Laburare_Bello:
Ana iya bincikawa ta kundin ɗakin karatun jami'ar a intanet. Ka rubuta take da haruffa masu lanƙwasa, ka sake rubutawa babu su, sannan ka gwada da sunan maɗaba'a da Zaria ko Kano. In ka dogara da sunan marubuci kaɗai za ka tsallake abubuwa.